Kwana Uku Ga Dabo Mai Sikeli

Har gobe idan aka nuna mini mutum aka ce wane bai taɓa ƙarya ba, ba na saurin jinjina masa. Na ga wanda ya kwantar da amininsa ya yanka da maganar da ko alƙali ba zai ce ƙarya ce ba. A gabana aka yi, ina zaune da basilla a hannu.

A Gwarzo ne, saura shekara biyu Turawa su miƙa mulki. Ni Lukuman, mutumin Getso, ɗinkin bakin buhu nake yi a rumfar awon gyaɗa ta Alhaji Uwaisu, ejan ɗin wani kamfani da ke Kano. Da zarar an cire gyaɗa an ɓare, jakuna da raƙuma ne za su yi jerin gwano tun daga bakin rumfa har gindin tsamiyar da ke bakin hanya. A tankaɗe, a auna, in ɗinke, 'yan dako su jibge, motar Kano ta zo ta kwashe. Daga sallar asuba har magariba haka muke, ba Asabar ba Lahadi, Juma'a ma masallaci kawai ake ɗaga mana.

Mai riƙe da sikeli shi ne Dabo, Bafulatanin Gude ta wajen Kabo. Dogo ne siriri, maganarsa ta yini guda ba ta cika tafin hannu ba. Ni kuwa ɗan maƙera ne, ka ga abokin wasana ke nan, ba na raga masa. Kullum sai na ce shanun gidansu ne suka ƙare ya koma kiwon buhu. Iyakarsa ya yi murmushi ya ce, "Maƙeri, hura wutarka." Manoma suna sonsa. Akwai waɗanda ke wuce rumfa biyu da jakunansu don su kawo wurinsa, saboda an san yatsansa ba ya taɓa sikeli.

Akawunmu kuwa Malam Zailani ne. Shi ma ɗan Gude ne, katanga ɗaya ta raba gidansu da na su Dabo. Tare suka tashi, shi aka kai elementare, Dabo ya bi shanu. Shi ne babban aboki a bikin Dabo, shi ne kuma ya kawo shi aikin nan shekara goma sha biyu baya. Da azahar kwano ɗaya suke sa hannu. Duk wanda ya gan su sai ya ce Allah ya ba shi aboki irin wannan, har da ni na sha faɗa.

Akwai wata takarda ta kamfani da aka manna a jikin ginshiƙin rumfa, Zailani ke karanta mana ita duk farkon kaka. Wai daga ranar da aka buɗe awo har ranar da aka rufe babu hutu ga kowa, kamar an yi alkawari da ciwo ya jira damina. Sai dai idan mahaifin mutum ne, ko mahaifiyarsa, ko matarsa, ko ɗan cikinsa ya kwanta rai a hannun Allah ko ya rasu, to wannan a ba shi kwana uku. Akawu da mai sikeli ba sa tafiya lokaci ɗaya. Wanda kuma ya sa ƙafa ya tafi ba takardar izini, a bakin aikinsa, kuma a aika sunansa ga sauran ejan-ejan kada wani ya ɗauke shi.

To, ga abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya. Dabo yana da 'yar fari, sunanta Hajaratu. Kowa ya san kunyar ɗan fari, mu ma muna yi, amma ta su Dabo ta wuce misali. Tun da aka yaye ta aka miƙa ta ga yayansa Mijinyawa da matarsa Yelwa, su suka riƙe ta, su suka aurar da ita. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Shekara goma sha tara Dabo bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa cewa "'yata" ba. Idan ya je Gude ta zo gaishe shi, gefe yake kallo ya amsa. Shekara huɗu muna aiki kafaɗa da kafaɗa, na san sunayen ƙananan 'ya'yansa na Gwarzo kaf, amma ban taɓa jin akwai ta a duniya ba.

Ranar wata Litinin, ana idar da asuba, ƙanensa Datti ya iso a kan keke. Na hango su gindin tsamiya, Datti yana magana, Dabo ya sunkuyar da kai. Ba a jima ba Datti ya juya, wai zai biya ɗakin shan magani na Kabo. Saƙon da ya kawo shi ne, Hajaratu ta haihu a gidan Mijinyawa, an yi suna lafiya, sai zazzaɓi ya kama ta, kwana uku ke nan ko kunu ba ya zama a cikinta. Kuma da bakinta ta ce a kira mata Baffa Dabo, tana son ya zo ya yafe mata.

Da hantsi Alhaji Uwaisu ya fito. Dabo ya jira ya zauna a kujerarsa kusa da teburin Zailani, sannan ya cire takalmi ya durƙusa.

"Allah ya ba ka nasara, barka da fitowa."

"Barka kadai, Dabo. An tashi lafiya? Ya iyali?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Ya aikin? Ya gajiya?"

"Da godiya, ranka ya daɗe. Dama izini nake nema. Akwai wata yarinya a gidanmu can Gude, jikin ya matsa mata."

"Subhanallahi. Allah ya sawwaƙe. Yarinyar wa?"

Dabo bai amsa ba. Ya ɗaga ido ya dubi Zailani. Ina ganinsa, kallo ne irin wanda mutum ke yi wa wanda zai ɗora masa kaya. Haka abin yake a wurinsu. Mutum ba ya buɗe baki ya roƙi alfarma don ɗan fari, aboki ne bakinsa.

Alhaji Uwaisu ba yaro ba ne, ya san irin wannan shirun. Ya juya ya ce, "Malam Zailani, kai ka san gidansu. 'Yar cikinsa ce?"

Zailani ya gyara alƙalami a tsakanin yatsunsa, idonsa a kan tebur. Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar gidan yayansa Mijinyawa ce. A can ta tashi, shi ya aurar da ita."

Ka ji fa. Ina ƙaryar take? Babu. Kowace kalma za a iya dafa Alƙur'ani a kanta.

Alhaji ya numfasa. Ya ce, "To Dabo, ka dai san doka, ba ni na kafa ta ba. 'Yar ɗan'uwa ba ta ciki. In na buɗe wannan ƙofa, gobe kowa zai zo da ɗan ƙanen kakarsa. Ga shi kuma kamfani ya kira Malam Zailani Kano, gobe zai tafi sai Alhamis. Alƙalami zan iya riƙe masa, sikeli fa wa zai riƙe? Ka haƙura zuwa Alhamis, in ya dawo sai mu duba."

Kalma ɗaya ta rage wa Dabo, ya ce tawa ce. Na ga leɓensa ya motsa. Amma ga 'yan dako, ga manoma sun yi cirko-cirko suna sauraro, kuma faɗin haka tamkar ya tsaya a kasuwa ne ya ƙwace wa yayansa 'yar da ya riƙa shekara da shekaru. Ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya sa takalminsa ya koma bakin sikeli.

Tafiyar Zailani kuwa, a ranar muka fara jin ta. Ashe kamfani zai buɗe sabuwar rumfa a Kabo, ana neman wanda za a damƙa wa, an kira shi a gan shi ran Laraba. Da an sallami Dabo, dole Zailani ya tsaya bakin sikeli, tafiyar Kano ta sha ruwa. Ga lissafin da ya yi ke nan tsakanin tambayar Alhaji da amsarsa, bai kai ƙiftawar ido uku ba.

Da azahar ya ɗauko kwanonsu kamar kullum ya ajiye gaban Dabo. Na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Abokina, ka yi haƙuri. Zazzaɓin jego ne, mata sun san kansa. Alhamis ina dawowa ni da kaina zan tsaya maka, ka yi mako ma in kana so."

Dabo ya ce, "Ci abinka, na ƙoshi."

Talata da safe Zailani ya hau saman buhunan motar Kano da sabuwar hula. Dabo ya yini yana awo. Abin da ban taɓa gani ba na gani ran nan, ya auna buhu ɗaya sau biyu, sai da mai kayan ya tuna masa. Na ce, "Bafulatani, yau ko nonon ne ya yi tsami?" Bai ce mini in hura wutata ba. Na matsa na ce, "Malam Dabo, ya jikin yarinyar yayan naka?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Daga baya na sha tambayar kaina me ya hana shi ya yar da sikelin ya kama hanya. Gude fa ba Makka ba ce, tafiyar yini ce a ƙafa. Amma akwai bakuna shida a gidansa na Gwarzo da ke ci daga wannan aiki. Kuma da ya tsere ba izini, har jikokinsa sai an yi musu gori a Gude, a ce Dabo ne ya zubar da aiki ya sheƙa da gudu saboda 'yar fari. Ga shi amininsa ya ce zazzaɓi ne kawai. Sai ya riƙa gaya wa zuciyarsa Alhamis ba nisa.

Ran Laraba bayan azahar Datti ya sake ɓullowa. Wannan karon bai tsaya gindin tsamiya ba, ya turo kekensa har cikin rumfa, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya yi sallama, bai jira an gama amsawa ba.

"Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Hajaratu rasuwa da asuba. Mun kai ta da hantsi."

Rumfa ta ɗauki salati. Dabo yana riƙe da dutsen awo, bai sake shi ba. Datti kuwa ba irin yayansa ba ne, yana da zafi. Ya juya ga Alhaji.

"Alhaji, Allah ya ba ka nasara, ka gafarce ni. Wane irin aiki ne wannan da zai hana uba ganin 'yarsa tana kan gargara?"

"'Yar wa?"

"'Yarsa mana! Ta cikinsa, ta fari!"

Alhaji Uwaisu ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Dabo! Me ya hana ka faɗa? Ai na tambaya! Wallahi na tambaya a gaban kowa!"

Akwai buhun wani tsoho a kan sikeli, Dabo ya daidaita dutse, ya faɗa wa tsohon nauyin kayansa, ya sauke. Sannan ya goge hannuwansa a jikin riga.

Nan take Alhaji ya jawo takarda ya rubuta da hannunsa, kwana uku, rasuwar 'yar ciki. Ihu bayan hari. Ya sa aka lulluɓe sikeli da buhu, aka ce wa manoma su dawo gobe. Ashe sikelin yana iya kwana a rufe, sama ba ta faɗo ba, kamfani bai rushe ba. Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Na soke basillata a jikin buhu na ce zan raka shi. Alhaji ya ce, "Kai kuma da wane izini?" Na ce ya aika sunana duk inda ya ga dama, ɗan maƙera ba ya rasa abin yi. Ya dube ni, ya yi mini alama da hannu in tafi.

A Gude, a ƙofar gidan Mijinyawa aka shimfiɗa tabarmi. Duk wanda ya zo, wurin Mijinyawa yake nufa, shi ne uba, shi ake yi wa ta'aziyya. Dabo yana can ƙarshen tabarma da carbi, in an juyo an ce, "Ya haƙuri?" ya ce, "Da godiya," kamar maƙwabcin da ya zo taya zama. Ko kabarin sai da ya fake da zagayawa sannan ya je shi kaɗai. Ban ga hawayensa ba. Amma abincin da aka ajiye gabanmu kwana biyu, ni kaɗai nake taɓawa.

Ran Juma'a, ranar sadakar uku, sai ga Zailani. Ya dawo Gwarzo ran Alhamis ya tarar da labari. An ba shi rumfar Kabo ɗin, mun riga mun ji. Ya zauna aka yi addu'a, aka shafa, aka raba gumba. Da mutane suka fara watsewa ya taɓa hannun Dabo, suka zaga bayan rumbu. Ba wanda ya gayyace ni, amma na bi su.

Zailani ya ce, "Abokina, wallahi tallahi ban zaci abin zai kai haka ba. Da na sani da ko gwamna ne ya kira ni ba ni zuwa. Kwana uku ne kawai na ce a raina. Kuma ka duba, ai ban yi ƙarya ba, abin da kowa ya sani na faɗa. Kai ma kana wurin, da ka…"

Ban san lokacin da na ce, "Da ya me? Kai, Malam Zailani, ka ji tsoron Allah! Da ɗan gari akan ci gari. Ka san ba zai iya ba, shi ya sa ka faɗa!"

Dabo ya ɗaga mini hannu, na yi shiru ina huci. Ya dubi Zailani ido cikin ido, abin da ba ɗabi'arsa ba.

"Zailani, ranar da aka haife ta ina daji da shanu. Wa aka aiko ya gaya mini?"

"Ni ne."

"Ran suna da na bar gari tun duhu, wa ya zauna a mazaunina, ya karɓi barka?"

"Ni ne."

"Da za a kai ta ɗakin miji, wa na ba saniya a ɓoye ya kai wa Yaya, a ce daga gare shi take?"

Zailani ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Ni ne."

"To ran Litinin ma kai na jira."

Zailani ya fara kuka, kuka sosai irin na yara, yana cewa a yafe masa. Ni dai bai ba ni tausayi ba, kuma har yau ban ji na yi laifi ba. Dabo ya ce, "Mun gode da gaisuwa. Allah ya ba da lada. A sauka lafiya." Irin sallamar da ake yi wa baƙon da ba a san sunansa ba. Ya juya ya koma kan tabarma.

Asabar da sassafe muka kamo hanya, don kwana uku sun cika, takarda ba ta san wani abu wai shi baƙin ciki ba. Kafin mu fito Yelwa ta aiko a kira Dabo, ya shiga ciki ya ɗan jima. Da ya fito muka miƙi hanya har muka iso Kabo. Muka zauna a inuwar wata ɗorawa muna jiran motar gyaɗa da za ta rage mana hanya. Can tsallaken hanya magina suna ta ɗora azara a sabuwar rumfar kamfani. Na juya mata baya.

Muna nan zaune sai na ji ya ce, "Lukuman."

Tun da muke bai taɓa kirana da sunana ba.

"Na'am, Malam Dabo."

"Yelwa ta ce tun ran Litinin, duk wanda ya yi sallama a zaure sai yarinyar ta ɗago kai ta ce, shi ne? Talata ma haka. Da yamma Yaya ya ce a sake tayar da Datti ya zo ya taho da ni ko ta halin ƙaƙa." Ya murza takardar izinin a hannunsa. "Sai yarinyar ta hana. Ta ce, Inna, ku daina wahalar da Baffa Datti. Ba zai zo ba. Kuma kada wanda ya ga laifinsa, ai ni ce ta fari."



"Ta tafi tana zaton kunya ce ta zaunar da ni," in ji shi. "Tana zaton ko tambaya ban yi ba."

Sai a lokacin hawayen suka zo, bai share ba, bai kuma kau da kai ba.

"Na tambaya, Lukuman. Na durƙusa na tambaya. Yanzu wa zai gaya mata?"